Yadda Ake Shiga Tsakani a Sasanta Mutane Ba Tare da Danne Haƙƙin Kowa Ba

A Sakkwato da wuya babbar magana ta tashi daga bakin mai ita ta faɗa kunnen wanda ake nufi kai tsaye. Saurayin da ya ga yarinya yana so ba ya tunkarar mahaifinta da kansa, baffanninsa yake turawa. Wanda ya kawo bijimi Kasuwar Kara ba ya tsayawa ciniki da mahauci, igiyar yake miƙa wa dillali. Matar da ta yi yaji ba ta komawa ɗakinta sai an je biko, talakan da yake da kuka wurin uban ƙasa kuma yakan bi ta hannun mai unguwa da hakimi kafin maganarsa ta isa. Duk waɗannan da ake bi ta hannunsu masu shiga tsakani ne, kuma duk wanda Allah ya ba shekarun da ake kiransa Baba ko Kawu ko Gwaggo, wata rana za a yi masa sallama a ce ya zo ya sa baki a wata rigima. Domin wannan ranar na rubuta wannan bayani, saboda na sha ganin mutanen kirki sun shiga tsakani da kyakkyawar niyya, amma suka tashi suka bar ɓarakar ta fi yadda suka tarar da ita, ba don komai ba sai don ba su san ta inda ake kama aikin ba.

Kafin ka amsa kiran, ka tabbatar da matsayin da ake so ka tsaya a kai, domin kalmar shiga tsakani ta tattara ayyuka da yawa waɗanda ƙa'idojinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan aike saƙo kawai yake kaiwa, ba ƙari ba ragi, kuma ba a kama shi da laifin abin da aka aiko shi da shi. Wakili na ɓangare ɗaya ne, kamar wanda yake karɓa wa ango aure a masallaci, kuma ba abin kunya ba ne ya tsaya wa wanda ya turo shi. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Mai sulhu ba shi da ɓangare kuma ba shi da ikon yanke hukunci, jarinsa duka shi ne yardar da mutanen biyu suka yi masa. Akwai kuma wanda aka ɗora wa raba gardama, wato ɓangarorin biyu suka amince tun farko cewa abin da ya yanke shi za a bi, irin mutane biyun da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tayar, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron saɓani ya raba ma'aurata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, waɗannan biyun suna da ikon raba auren ma idan suka ga gyara ya gagara. Yawancin zaman sulhun da na ga ya watse, daga cuɗa waɗannan matsayai ya fara lalacewa. Kawun amarya ya zo a zuciyarsa wakilin 'yar ƙanwarsa ne, amma ya zauna a mazaunin mai sulhu, dangin miji kuwa suna jin kalmominsa na farko suka gane inda ya karkata, daga nan duk abin da ya faɗa, ko da gaskiya ne, ba ya shiga kunnensu.

Magabatanmu sun ba wannan aiki muhimmancin da har suka gina tsarin mulki a kansa. A daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa bayan jihadin da ya fara a 1804, kowace masarautar da take ƙarƙashin Sakkwato kai tsaye tana da ƙofarta a can, wato babban ɗan majalisar da wasiƙunta da ƙorafinta suke bi ta hannunsa kafin su kai ga Sarkin Musulmi, kuma gidan Waziri, tun daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ƙofar manyan masarautu irin Kano da Zazzau. Amma tarihin nan ya nuna iyakar abin da mai kai saƙo zai iya. A 1893, da Sarkin Kano Bello ya rasu, Waziri Buhari ya naɗa Tukur bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Umarni ya isa inda aka aika shi, amma zukatan Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da shi ma yake neman sarautar, ba su karɓa ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasar Kano. Isar da magana daban, samun yardar mutane daban, kuma na biyun ne aikin mai sulhu.

Idan ka tabbata sulhu ake nema a wurinka, sai ka auna kanka tsakaninka da Allah. Shin kana da wata riba a yadda rigimar za ta ƙare? Ɗaya daga cikinsu yana binka bashi, ko a inuwarsa kake cin abinci? Ba sharaɗi ba ne mai sulhu ya zama baƙo, a wurinmu ma wanda ya san gidajen biyu tun daga kakanni ya fi tasiri, amma dole kusancinka da kowannensu ya zama a fili. Idan ka ga ka fi nauyi a gefe ɗaya, ka nemi abokin tafiya wanda ɗaya gefen yake jin kunyarsa, kamar limamin unguwarsu ko abokin mahaifinsu, ku shiga tare. Ka kuma duba shekaru da daraja, domin yaro ba ya zaunar da manya ya sasanta su, hanyarsa ita ce ya je ya tayar da wanda maganarsa take da nauyi a wurinsu. Wani lokaci abokin wasa ya fi kowa dacewa, taubashi ko Babarbare ga Bafulatani ko Bayarabe ga Bagobiri, saboda al'ada ta ba shi izinin faɗar gaskiya mai ɗaci ba tare da an ɗauke ta cin mutunci ba. Idan kuma akwai mace a cikin rigimar, kada ka ɗauka za ta buɗe maka cikinta a gaban maza; ka nemi gwaggonta ko uwar ɗakinta ko wata dattijuwar da ta yarda da ita ta zauna da ita, sannan ta kawo maka abin da ta ji.

Kada ka fara da kiran taro. Ka taka da ƙafarka zuwa gidan kowannensu, ka gaisa gaisuwa mai tsawo irin wadda ta dace, ka tambayi iyali da gajiya da sanyi ko zafi, sannan ka nemi izini. Abin da za ka faɗa bai wuce wannan ba: "Alhaji, na ji abin da ya shiga tsakaninka da ɗan'uwanka, kuma bai yi mini daɗi ba. Idan ka yarda da ni, ina so in ji daga bakinka, shi ma in je in ji daga bakinsa." Idan ya ce a'a, kada ka matsa masa a ranar, ka bar masa ƙofa a buɗe ka dawo bayan kwana biyu, domin mutum yakan ƙi da rana ya kwana yana tunani. Ka kula da wanda ka fara zuwa wurinsa, saboda mutane suna lissafa wannan. Mafi sauƙi shi ne ka fara da babba a shekaru, kuma ka isa wurin na biyun a rana ɗaya kafin labari ya riga ka.

Sauraro shi ne rabin aikin, kuma a nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Ka bar mutum ya zazzage duk abin da yake cikinsa, ko da ya ɗauko labarin daga shekara 20 da suka wuce, kada ka katse shi da nasiha, kada kuma ka gyaɗa kai irin gyaɗawar da zai fita ya ce ai Malam ma ya ba ni gaskiya. Bayan ya huce sai ka yi masa tambayoyi uku a hankali: me ya faru a ranar da abin ya ɓaci, me yake so a yi masa yanzu, kuma mene ne ba zai taɓa karɓa ba. Sau da yawa za ka tarar abin da ake hayaniya a kansa ba shi ne ciwon ba. 'Yan'uwa biyu suna rigima kan taku uku na iyakar gona, amma da ka bi a hankali sai ka gano ɗaya ya aurar da 'yarsa bai shawarci ɗayan ba, kuma tun daga ranar ake neman abin da za a rataya fushin a kansa. Idan ka gyara iyaka ka bar wannan, baɗi za su sake kiranka a kan bishiyar da take bakin iyakar. Kafin ka tashi, ka tambaye shi a fili wanne daga cikin abin da ya faɗa ya yarda ka kai wa ɗayan, sauran kuma ka binne shi, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai sulhun da aka ji sirrin zama ɗaya a bakin matarsa ko a majalisarsa, ba za a ƙara kiransa ba.

Wajen kai magana daga wannan gida zuwa wancan, kai rariya ne. Zagi da gori da tonon asiri su tsaya a wurinka, abin da zai wuce shi ne buƙata da duk wata kalmar alheri da ta kuɓuce wa mai fushi. Idan ya yi sa'a guda yana faɗa, amma a tsakiya ya ce ai da can mutumin kirki ne, shi ya riƙe ni lokacin da mahaifinmu ya rasu, to wannan jimlar ita za ka ɗauka ka kai. Buhari da Muslim sun rawaito daga Ummu Kulsum 'yar Uƙba cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda yake gyara tsakanin mutane yana isar da alheri ko yana faɗin alheri ba maƙaryaci ba ne. Sai dai ina gargaɗinka kada ka faɗaɗa wannan rangwame har ya shiga dukiya da alkawari. Ka ce wa mutum ɗan'uwanka yana son a zauna lafiya, wannan gyara ne. Ka ce masa ya yarda zai biya kuɗin duka alhali bai ce ba, wannan rami ne ka haƙa wa zaman da kake shiryawa, kuma ranar da suka haɗu kai za ka fara faɗawa ciki.

Duk rigimar da take da wurin da za a je a gani, ka je ka gani da idonka. Wannan ya fi ƙarfi a rikicin manomi da makiyayi, wanda yake tashi kowace kaka, da kuma lokacin rani a fadamun gulbin Rima inda ake noman albasa da shinkafa da tafarnuwa daidai lokacin da dabbobi suke gangarowa neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Idan aka ce shanu sun yi ɓarna, ka isa gonar a ranar kafin sawu ya ɓace, ka tafi da mutum ɗaya daga manoma wanda ya san kimar amfanin gona da mutum ɗaya daga wajen Arɗo, su kimanta tare, domin kimar da gefe ɗaya ya yi shi kaɗai ba ta karɓuwa. Ka tambayi lokacin da shanun suka shiga, saboda shari'a ta kula da wannan: Imamu Malik ya rawaito cewa da taguwar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani, Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Ka kuma duba ko gonar ta ci burtali ko ta toshe hanyar mashaya, domin idan haka ne manomin ma yana da nasa kason na laifi, kuma makiyayin da ya ga ka faɗi wannan a gaban manoma zai karɓi sauran maganarka ko da ta yi masa nauyi. Haka ma a rigimar fili ko gida, ka nemi takarda idan akwai, ka nemi maƙwabtan da suka ga lokacin da aka dasa iyaka, ka ji daga mai unguwar da aka yi cinikin a gabansa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna a yadda muke sulhu. Mun saba da zarar an zauna, kalmar farko da take fitowa daga bakin dattawa ita ce "a yi haƙuri", kuma idan ka lura da kyau za ka ga kusan kullum fuskar mai rauni ake kallo ana faɗar ta: matar da aka cuta, ƙanen da aka cinye wa gado, ɗan ƙwadagon da aka hana ladarsa. Haƙuri abu ne mai girma, amma haƙurin da aka karɓa daga mutum kafin a ambaci haƙƙinsa ƙwace ne da aka yi wa ado. Ƙa'idar da nake roƙonka ka riƙe ita ce a faɗi haƙƙi tukuna, sannan a nemi rangwame. Ka duba yadda Annabi (SAW) ya yi da Ka'abu ɗan Malik, lokacin da Ka'abu ya tsare Ibnu Abi Hadrad a masallaci yana neman bashinsa har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi ya yaye labulen ɗakinsa ya kira Ka'abu, ya yi masa nuni da hannu ya sauke rabi, Ka'abu ya ce ya sauke, sai ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya. Ba a musa bashin ba, rangwamen daga bakin mai haƙƙi ya fito, kuma wanda aka sauƙaƙa wa an ɗora masa biya nan take. Sulhun da ya rasa ɗaya daga waɗannan ukun ba ya daɗewa.

A rabon gado wannan ƙa'ida ta fi bayyana. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya maza da mata da gida ɗaya a cikin gari, mazan suna so 'yan'uwansu mata su bar musu gidan tunda suna ɗakunan mazajensu. Kada ka buɗe baki ka nemi kowa ya yafe komai sai an kawo malamin da ya san rabon gado, an kimanta gidan, an faɗa wa kowa rabonsa da adadi: matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, kowace 'ya tana da rabin abin da ɗa yake samu. Bayan kowace ta san abin da ta mallaka, idan ta ga dama ta sayar wa 'yan'uwanta ko ta ba su kyauta, wannan zumunci ne kuma Allah ya ba ta lada. Amma a tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban yayyenta suna zare mata ido ba. Rabon maraya ƙarami kuwa babu wanda yake da ikon yafe shi a madadinsa. Hadisin da Tirmizi da Abu Dawuda suka rawaito ya shata iyakar, cewa sulhu ya halatta tsakanin Musulmi in ban da sulhun da ya haramta halal ko ya halatta haram.

Kada ka haɗa su fuska da fuska sai ka ga tazarar da take tsakaninsu ta ragu har kana hango inda za a sauka. Wurin zama ya zama wanda ba na ɗayansu ba, zauren mai unguwa ko harabar masallaci ko gidan dattijon da dukansu suke cire takalmi a ƙofarsa. Lokaci ma yana da tasiri, domin wanda ya san zafin bazarar Sakkwato ba zai tara masu fushi da tsakar rana ba; bayan la'asar ko bayan isha'i ya fi, kuma ba ranar kasuwa ba da hankalin kowa yake waje. Ka rage mutane iyakar iyawarka, saboda 'yan kallo su ne suke hana mutum sauka daga dokin da ya hau, kuma ka roƙi kowa ya ajiye wayarsa, kada a naɗi murya, kada a wayi gari maganar tana yawo a WhatsApp. Ka buɗe da addu'a da tunatarwa gajeriya, aya ta 10 ta Suratul Hujurati da ta ce muminai 'yan'uwan juna ne a gyara tsakaninsu ta wadatar, ba sai an yi wa'azin sa'a guda ba. Mai kuka ya fara magana, ɗayan ya jira har ya gama, sannan kai ka maimaita abin da kowa ya faɗa da kalmomi masu sanyi, ka tambaye shi ko haka yake nufi. Idan wani ya ɗauko tsohon gori, ka tsayar da shi da ladabi: "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, wannan ma za mu zo kanta, amma mu gama da wadda ta tara mu."

Ka tanadar wa wanda gaskiya ba ta gefensa hanyar da zai sauka da mutuncinsa. Babba ba zai iya cewa na yi kuskure a gaban ƙanensa da 'ya'yansa ba, kuma idan ka tsaya sai ya furta, za ka rasa haƙƙin da furucin gaba ɗaya. Sau da yawa abin da yake yiwuwa shi ne ƙarami ya tashi ya durƙusa ya gaida babba, babban kuma ya mayar da abin da ya riƙe a matsayin shi ne ya ga dacewar haka. Tarihin gidan Shehu ma yana da misalin wannan. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, kuma aka sami rashin jituwa tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahi na Gwandu, har lokacin da Bello ya kai masa gudummawar yaƙi a Kalambaina ta ƙasar Gwandu. Masu tarihi sun rawaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi kuma ya hana shi ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Ɗaya ya ba da girman shekaru, ɗaya ya ba da girman sarauta, kuma babu wanda aka sa ya tona abin da ya wuce.

Rigimar aure tana da nata ƙarin sharuɗɗa. Idan aka tura ka biko, kada ka ɗauka aikinka shi ne ka dawo da mace ɗakinta kafin magariba. Ka fara sanin abin da ya fitar da ita, ko ci da sha ne, ko sutura, ko muhalli, ko rashin adalci a rabon kwana, ko duka, sannan ka koma wurin mijin ka karɓi alkawarin gyara a gaban waliyyinta kafin ta ɗauki mayafinta. Gaskiya ne tsakanin miji da mata sai Allah, amma wannan magana tana hana tonon sirrinsu ne, ba ta ba da izinin a mayar da mace cikin cutar da ta gudo daga gare ta ba. Ka kuma tambaya a fili ko an furta saki, sau nawa, kuma yaushe, domin saki ɗaya ko biyu ana kome a cikin idda, amma idan igiya uku ta tsinke babu dattijon da zai ɗaura ta da roƙo, maganar ta koma wurin malamai da alƙali.

Game da lada, dillali yana da haƙƙin la'adarsa, da sharaɗin a san ta tun farko, ya bayyana aibin dabba ko kaya idan ya sani, kuma kada ya haɗa baki da wani ya riƙa taya kaya don a tsuga wa mai saye kuɗi, abin da hadisi ya hana. Mai sulhu kuwa, shawarata ita ce kada ya karɓi ko goro daga ɗayansu matuƙar magana ba ta ƙare ba.

Idan aka daidaita, a rubuta. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, suna ganin neman takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Takardar ta ƙunshi ranar da aka zauna, sunayen masu rigima, abin da aka amince da adadinsa, ranar biya, da abin da za a yi idan aka saɓa. Kada a rubuta za a biya nan gaba. A rubuta, alal misali, naira 150,000 kashi uku, kashin farko ranar kaza, kuma a zaɓi lokacin da mai biya yake da abin hannu, kamar bayan kaka ko bayan an sayar da albasa, domin sharaɗin da mutum ba zai iya cikawa ba sabuwar rigima ce aka shuka. A rubuta da boko ko da ajami, a karanta da ƙarfi kowa ya ji, su sa hannu ko su dangwala yatsa tare da shaidu biyu, kowa ya tafi da kwafinsa. Idan maganar tana gaban kotu tun farko, a kai wa alƙali takardar ya shigar da ita ta zama hukuncin da aka yarda da shi. A harkokin kasuwanci ma, dokar sasanci da shiga tsakani ta tarayya da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023 ta ba yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar mai shiga tsakani ƙarfin da kotu za ta iya tilasta aiki da ita.

Akwai inda ya wajaba ka janye hannunka. Idan an zubar da jini, ko an yi wa yarinya fyaɗe, ko duka ya kai ga rauni, wannan ba maganar zaure ba ce, ta hukuma da kotu ce, kuma dattijon da ya rufe irin wannan da sunan rufin asirin unguwa ya taimaki azzalumi ne a kan wanda aka zalunta. Haka nan idan ka ga ɗaya yana amsa "na yarda" saboda tsoro, ka dakatar da zaman. Wannan ne ya sa abin da mutanenmu na Isa da Sabon Birni suke fuskanta daga 'yan bindiga bai shiga cikin abin da nake bayani ba, domin yarda ita ce ginshiƙin sulhu, kuma ƙauyen da aka ɗora wa haraji da bakin bindiga ba a nemi yardarsa ba. Idan kuma ka yi zama biyu ko uku ka ga ɗaya yana amfani da kai ne don ya ja lokaci har shaidu su mutu ko mai haƙƙi ya gaji, ka gaya musu gaskiya cewa ka yi iyakar ƙoƙarinka, ka nuna wa mai haƙƙi hanyar kotun shari'a, kuma kada ka bari a sa masa jin cewa kai ƙara yanke zumunci ne.

Bayan an shafa fatiha an watse, saura aiki ɗaya wanda yawancin masu sulhu suke mantawa da shi. Mazan da suka yi musabaha a zaure suna komawa gidajen da matansu da 'ya'yansu ba su ji abin da aka yi ba, kuma sau da yawa daga can wutar take sake kamawa, saboda haka ka sa dattijuwar da ta taimake ka ta shiga gidajen biyu ta faɗa musu an gama, yara su koma wasa tare, a ci gaba da aika wa juna tuwo kamar da. Bayan mako guda ka bi ta ƙofar kowannensu kamar gaisuwa ce ta kawo ka, ka ji ko akwai abin da ya rage a zuciya. Ranar Juma'a ka lura ko sun gaisa a bakin masallaci. Idan ranar biyan kashin farko ta zo, kada ka jira a kawo maka ƙara. Ka je da sassafe gidan wanda zai biya, ka raka shi da ƙafarka har wurin mai haƙƙi, a ƙirga kuɗin a gabanka, ka rubuta a bayan takardar cewa an karɓa, ka sa ranar.